BABI NA UKU: ALMAJIRANCIN KIRISTA DA NAUYINSA A ƘASAR BICI DA KEWAYENTA

3.0 GABATARWA

A babi na biyu an kawo tarihin ƙasar Bici da yanayin zaman mutanenta. Wannan babi kuwa zai duba yadda addinin Kirista ya iso arewacin ƙasar Kano, da sharuɗɗan da masu wa'azinsa suka gindaya wa duk wanda ya ce zai bi, da kuma abin da cika waɗannan sharuɗɗa ya jawo wa manomin karkara a gidansa da gonarsa da aurensa. Abin da babin zai yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, nauyin almajirancin Kirista a wannan yanki bai tsaya ga abin da ikilisiya ta rubuta a littafin koyarwarta ba. Yanayin ƙasar, wato ƙarancin gonaki da tsarin gandu, ya ƙara wa kowane sharaɗi nauyin da ba shi da shi a wuraren da daji ke da yalwa. Domin a fahimci haka, za a fara da ma'anar kalmar, sannan a bi tarihin daki-daki.

3.1 MA'ANAR ALMAJIRANCI

Kalmar almajiri ta samo asali ne daga kalmar Larabci mai nufin wanda ya yi hijira. A wurin Bahaushe, almajiri shi ne wanda ya bar gidan iyayensa ya bi malami domin neman ilimi, yana jure yunwa da sanyi da baƙunci. Da aka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a shekarar 1932, wannan kalma ce aka zaɓa domin kiran mabiyan Yesu na farko. Saboda haka duk Bahaushen da ya ji ta a coci ya riga ya san abin da take ɗauke da shi: malami, da biyayya, da barin gida.

Koyarwar da 'yan mishan suka fi dogara da ita a kan wannan batu tana cikin Linjilar Luka, sura ta 14. A can an nuna cewa mai son bi dole ne ya fifita malaminsa a kan iyaye da mata da 'ya'ya da dukiya, kuma an kawo misalin mai gini da ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya aza harsashi, kada ya fara ya kasa gamawa. Kiristocin Hausa na farko sun fi kiran junansu da suna “masu bi”. Sauran jama'a kuwa suna ce musu “'yan mishan”, sunan da ke nuna cewa ana ganin su a matsayin mutanen Turawa. Daga baya ne wasunsu suka zaɓi sunan Masihiyawa, domin su nuna cewa su Hausawa ne 'yan ƙasa, masu bin Almasihu.

3.2 ƘASAR BICI DA MUTANENTA

Bici tana kan hanyar Kano zuwa Katsina, tana maƙwabtaka da ƙasashen Dawakin Tofa da Bagwai da Tsanyawa da Kunci. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar tana da mutum kimanin 277,000. A zamanin Turawa gunduma ce mai muhimmanci, domin Abdullahi Bayero ya riƙe hakimcinta yana Ciroman Kano kafin ya zama sarki a 1926, ɗansa Muhammadu Sanusi ma ya riƙe ta da wannan sarauta kafin ya hau gadon mahaifinsa. Gundumar da manyan 'ya'yan sarki ke riƙewa ba wurin da baƙon wa'azi zai shiga ba a sani ba ne.

Ta fuskar noma, yankin yana cikin ƙasar da masana irin su Michael Mortimore suka yi nazari a kanta saboda cunkoson jama'a a kewayen Kano. A irin wannan ƙasa ana noma gona kowace shekara ba a barin ta ta huta, ana raya ta da taki, kuma kusan babu dajin da saurayi zai je ya sare ya kafa tasa gonar. Hanyoyin samun gona su ne gado, ko saye, ko aro, ko jingina. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin neman kuɗin haraji da na aure, wanda hakan ya ƙara wa gona daraja.

Mafi yawan mutanen yankin Musulmi ne tun da daɗewa. Amma a ƙauyukan yammaci da arewa maso yammacin Kano, har zuwa kudancin Katsina, akwai Maguzawa, wato Hausawan da suka ci gaba da addinin gargajiya. Bayan jihadin ƙarni na 19 an bar su a kan addininsu suna biyan jiziya. Joseph Greenberg, wanda ya zauna a cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya bayyana a littafinsa na 1946 yadda suke bauta wa iskoki irin su Kure da Uwargona da Gajimari, da yadda kowane gida ke da nasa tsafin da aka gada daga kakanni. Daga cikin waɗannan mutane ne mafi yawan Kiristocin karkarar Kano suka fito.

3.3 ISOWAR 'YAN MISHAN

3.3.1 Ƙoƙarin Farko

A shekarar 1893 mutum uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Legas da nufin shiga ƙasar Hausa. Kafin ƙarshen 1894 biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ne ya rage, shi ne kuma ya kafa ƙungiyar da aka sani da SIM, wadda ta buɗe tasharta ta farko a Fategi a 1902. A ɗaya ɓangaren, ayarin ƙungiyar CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell, tare da Likita Walter Miller, ya iso Kano a 1900. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya umurce su da su fita. Suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Ya kamata a lura da waɗannan mace-mace, domin su ne 'yan mishan na baya suka riƙa kafa misali da su idan suna gaya wa masu bi cewa almajiranci sai da sadaukarwa.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addininsu ba. Jami'an da suka biyo bayansa suka ɗauki wannan alkawari hujjar hana 'yan mishan kafa tasha a masarautun Musulmi. Saboda haka kimanin shekara 30 karkarar Kano ta kasance a rufe gare su, in ban da majami'un Sabon Gari waɗanda baƙi 'yan Kudu suka gina wa kansu.

3.3.2 Misalin Isawa

Kafin Turawa, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim wanda karatunsa ya kai shi ga ba Annabi Isa matsayi na musamman. An kashe shi a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, almajiransa da ake kira Isawa suka watsu zuwa wajen Ningi da gabashin Zazzau. A wajajen 1913 wasu daga zuriyarsu suka je wurin Likita Miller a Zariya, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu, ƙauyen ya watse. Daga waɗanda suka tsira ne aka samu wasu gidajen Kiristocin Wusasa, kuma daga wannan zuriya Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Wannan misali ya nuna abin da ya zama ruwan dare daga baya: sau da yawa mai bi yakan bar garinsu ya koma wani zango na masu bi.

3.3.3 Ƙofar Magani

Sassauci ya fara samuwa a farkon shekarun 1930, musamman a zamanin Gwamna Donald Cameron. A 1933 SIM ta samu izinin zama a Garko, a kudu maso gabashin Kano. Babbar ƙofa kuwa ta buɗe ne a 1937, lokacin da hukumomin En'e suka danƙa wa SIM kula da zangon kutare na Yadakunya a Kano, da na Babbar Ruga a Katsina, da na Amanawa a Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano. Daga nan tashoshi suka bazu zuwa wurare irin su Ƙaraye da Kabo da Roni da Tofa. A Roni, ta ƙasar Kazaure, an yi makarantar yara maza, a Kabo ta 'yan mata, a Tofa kuwa makarantar koyon Littafi Mai Tsarki da Hausa. Tofa da Roni da Yadakunya duk ba su da nisa da Bici, saboda haka ta waɗannan wurare ne wa'azin ya fi kusantar mutanen yankin.

Shobana Shankar, a littafinta na 2014 kan asalin Kiristanci a Arewacin Nijeriya, ta nuna irin rawar da zangon kutare ya taka. Kafin zuwan ƙwayar dafson a ƙarshen shekarun 1940, maganin kuturta allurar wani mai ne da ake yi shekara da shekaru. Majiyyaci yakan daɗe a zango, ya koyi karatun boko, wani ma ya koyi aikin ba da magani. Irin waɗannan mutane, tare da masu bishara 'yan ƙasa da suka fito daga kudancin Zariya da Filato da Tangale, su ne suka kai wa'azin ƙauyukan da Bature bai taka ba.

3.4 SHARUƊƊAN SHIGA

SIM ƙungiya ce mai tsananin riƙo da ƙa'ida. Ba ta yi wa jarirai baftisma, kuma ba ta gaggawar yi wa babba. Wanda ya furta bangaskiya sai ya shiga aji, a daɗe ana lura da halinsa, dattawa su yi masa tambayoyi, sannan a nutsar da shi a ruwa a gaban jama'a. Ikilisiyar ECWA, wadda aka kafa a 1954 daga majami'un SIM, ta gaji wannan tsari. Ana iya kasa sharuɗɗan kashi huɗu.

3.4.1 Barin Tsafi

Sharaɗi na farko shi ne rabuwa da bautar iskoki da bori da layu da zuwa wurin boka. A wurin Bamaguje tsafi ba sha'anin mutum ɗaya ba ne. Maigida ne ke yin yanka a madadin kowa, kafin shuka da bayan girbi, da lokacin aure ko ciwo. Idan ɗa ya ƙi halarta, ko ya ƙi cin naman yankan, ana ganin ya buɗe wa gidan duka ƙofar fushin iskoki. In aka yi rashin sa'a yaro ya mutu a wannan shekara, ko damina ta ƙi, ba a neman mai laifi da nisa. Shi kansa mai bi yana cikin gwaji, domin ranar da ɗansa ya kwanta ciwo, iyaye da surukai za su matsa masa a kai yaron wurin mai magani, ikilisiya kuwa ta ce addu'a da asibiti.

3.4.2 Barin Giya

Giya tana tsakiyar zaman Maguzawa. Da ita ake biki, da ita ake makoki, da ita ake sallamar 'yan gayya, kuma dafa ta babbar sana'a ce ga mata. SIM ta haramta shan ta da dafa ta da sayar da ita, har da taba. Illar wannan hani ta shafi noma kai tsaye. Manomin da ba zai dafa giya ba, da wuya ya tara gayya kamar yadda maƙwabcinsa zai tara. Matarsa ma ta rasa hanyar samun kuɗin da take yi wa 'ya'yanta hidima da shi. Wannan ne ya sa masu bi suka riƙa yin gayya a tsakaninsu, ana ba da kunu da tuwo. A nan ya kamata a ambaci cewa ikilisiyar Katolika, wadda aikinta a cikin Maguzawa ya yi ƙarfi daga baya, ba ta haramta giya gaba ɗaya ba, maye ta hana. Wannan bambanci yana cikin abubuwan da mutane ke dubawa wajen zaɓen ikilisiya.

3.4.3 Mace Ɗaya

Wannan shi ne sharaɗin da ya fi kowane ciwo. Matan Maguzawa ba sa kulle, suna noma a gandu kuma suna da gayauninsu. Saboda haka yawan mata da 'ya'ya shi ne ƙarfin gida, shi ne hanyar zama sarkin noma. Ƙa'idar mishan ita ce ba a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma. Magidanci yana da zaɓi biyu ke nan: ko ya rabu da sauran matan, wanda ke nufin raba uwa da 'ya'yanta da tayar da rigimar dukiyar aure da surukai, ko ya zauna yana zuwa sujada har tsufa ba a ba shi Jibin Ubangiji ba, ba a kuma naɗa shi dattijo. Da yawa sun zaɓi na biyu, matansu da 'ya'yansu suka zama cikakkun 'yan ikilisiya su kuwa suna baya. Matsalar ba ta ƙasar Kano kaɗai ba ce. Taron Lambeth na ikilisiyar Angalika ya hana yi wa irin waɗannan mazaje baftisma a 1888, sai a 1988 ya sassauta bisa sharaɗin kada mutum ya ƙara aure. Barbara Cooper ma, a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda dokokin aure suka zama abin jayayya tsakanin 'yan mishan da masu bi a can.

Saurayi ma bai tsira ba. An hana shi auren wadda ba mai bi ba, alhali 'yan matan masu bi kaɗan ne a farko, kuma iyayen da ke kan gargajiya ba sa son ba da 'yarsu ga wanda ya bar tsafin gidansu. Ɗaya daga cikin amfanin makarantar 'yan mata irin ta Kabo shi ne samar wa masu bishara da ma'aikatan asibiti matan aure.

3.4.4 Karatu da Lahadi da Baiko

Ana son mai bi ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, saboda haka ajin karatu na yamma ya zama ɓangaren almajiranci. Ranar Lahadi ba noma, ko da kuwa ruwan shuka ya sauka daren Asabar. Wanda ya san noman ƙasar Kano, inda damina gajeriya ce kuma noman farko ba ya jira, ya san abin da rasa yini ɗaya cikin bakwai yake nufi. Akwai kuma baiko da ushirin amfanin gona, domin manufar SIM ita ce majami'u su riƙe kansu, su gina ɗakin sujadarsu, su ciyar da mai bishararsu. Wanda ya karya ƙa'ida ana sa shi a horo, a sanar a gaban jama'a, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji har sai ya tuba.

3.5 GANDU DA GADO

A nan ne yanayin ƙasar Bici ya shigo. A tsarin gandu, 'ya'ya maza, har da masu aure, suna aiki a gonar mahaifinsu. Shi kuma yana ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari, ya ba kowa gayauna. Ɗan da ya ce ba zai yi aiki ran Lahadi ba, ba zai ci yankan gida ba, ba zai ba da dawarsa a dafa giya ba, ya taɓa ikon maigida ta fuska uku. In uba mai haƙuri ne, a zauna a haka. In ya fusata ya ce ɗan ya fita gandu, to ina zai nufa? A wuraren da ke da daji, sai ya ɗauki gatari ya yi sabuwar gona. A ƙasar da kowane taku ke da mai shi, sai dai ƙodago a gonar wani, ko cin rani, ko komawa kusa da tashar mishan. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma ga mai bi na farko wannan magana ba misali ba ce kawai.

Ga wanda ya fito daga gidan Musulmi, lamarin ya fi haka tsanani. A fiƙihun Malikiyya da alƙalai ke hukunci da shi, bambancin addini yana hana gado, kuma barin Musulunci yana warware aure. Turawa sun hana zartar da hukuncin kisa a kan ridda, amma ba su taɓa dokar gado da ta aure ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu bi daga gidajen Musulmi ba su da yawa, waɗanda aka samu kuma galibi marayu ne, ko majiyyatan zango, ko waɗanda suka yi ƙaura zuwa Jos da Kaduna da Wusasa.

Adalci ne a faɗi cewa Bamagujen da ya musulunta shi ma yana biyan nasa farashin: ya bar tsafi da giya, kuma idan ya sa matansa kulle ya rasa aikinsu a gona. Murray Last, wanda ya yi bincike a cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi, ya nuna a maƙalarsa ta 1979 cewa sauya addini yana tafiya tare da sauyin sana'a da tsarin gida. Bambancin shi ne, wanda ya musulunta ya shiga jama'a mai rinjaye, wadda ke da kasuwa da sarauta da kotu a hannunta. Wanda ya zama Kirista kuwa ya bar tsiraru ne ya shiga wasu tsirarun.

3.6 BAYAN MULKIN KAI

Bayan 1960 al'amura suka sake salo. Daga 1963 zuwa 1965 Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya yi rangadin musuluntar da masu bin addinin gargajiya a lardunan Arewa. A daidai wannan lokaci majami'u suka fito da shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya ɗora wa kowane mai bi, ba fasto kaɗai ba, nauyin fita wa'azi. Zama a kan gargajiya ya riƙa yin wuya, domin yaron da ya shiga makaranta, musamman bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, ana tambayarsa addininsa, amsar da ake jira kuwa ɗaya ce cikin biyu. A wannan zamani ne Maguzawa da yawa suka musulunta, wasu da yawa kuma suka shiga coci, wani lokaci gida guda gaba ɗaya.

Wannan ya rage wani nauyi, ya kawo wani. Inda uba da 'ya'yansa suka shiga tare, rigimar gandu ta kau. Amma a shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan da dama, kuma a 1976 SIM ta miƙa ragowar ayyukanta ga ECWA. Fari na 1972 zuwa 1974 da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975 sun karya tattalin manomi. Ke nan a daidai lokacin da aljihu ya bushe ne ɗawainiyar fasto da ginin majami'a ta dawo kan masu bi kacokan. Ƙungiyar Zumuntar Mata ta ɗauki kaso mai yawa na wannan nauyi ta hanyar tara hatsi da kuɗi da ziyarar marasa lafiya.

Rikice-rikicen birnin Kano, kamar na Oktoban 1982 da na Oktoban 1991 da ya tashi kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke, sun jefa tsoro har a karkara. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a shekarar 2000, doka ba ta sa Kirista ƙarƙashin hukuncin laifuka na kotunan shari'a ba, amma ƙungiyoyi irin su Tarayyar Masihiyawan Nijeriya sun sha kokawa kan wahalar samun filin gina coci, da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da yadda ake ɗaukar Bahaushe mai sunan Kirista kamar baƙo idan ya je neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Duk da haka ikilisiyoyin sun kafu. Katolika ta samu cikakkiyar dayosis a Kano a 1999, Angalika ta kafa dayosis a Bari ta ƙasar Rogo, makarantar Tofa kuma ta ci gaba da yaye fastoci masu wa'azi da Hausa. A ƙauyuka da dama, dangi ɗaya sukan ƙunshi Musulmi da Kirista, suna halartar suna da biki da jana'izar juna.

3.7 SHIN ABIN DUNIYA NE YA JAWO SU?

Akwai masu ra'ayin cewa magani da makaranta da aikin albashi ne suka ja mutane zuwa mishan. Wannan ra'ayi yana da ƙamshin gaskiya. Kuturun da danginsa suka ƙyamace shi ya samu kulawa a Yadakunya, ɗan Bamagujen da ba shi da hanyar shiga makarantar En'e ya samu karatu a Roni, wasu kuma sun zama malaman asibiti da na makaranta. Ba za a iya raba waɗannan da shawarar da mutane suka yanke ba.

Amma ra'ayin bai bayyana komai ba, saboda dalilai uku. Na farko, dubban mutane sun sha magani a asibitocin mishan suka koma gida a kan addininsu, domin ba a sa baftisma sharaɗin jinya ba. Na biyu, waɗanda suka samu aikin albashi kaɗan ne, mafi yawan masu bi manoma ne da suka rasa gayyar giya da ƙarin mata da aikin Lahadi ba tare da wani abin hannu ya maye gurbinsu ba. Na uku, shigar Maguzawa coci ta fi yawa ne a shekarun da makarantu da asibitocin suka riga suka fita daga hannun mishan. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne dalilan sun cakuɗu: akwai neman lafiya da ilimi, akwai neman kuɓuta daga tsoron iskoki da tsadar yanka, akwai son riƙe wasu al'adun zama kamar noman mata ba tare da kulle ba, akwai kuma gamsuwa da koyarwar kanta.

3.8 NAƊEWA

A wannan babi an ga cewa addinin Kirista ya iso karkarar arewacin Kano a makare, bayan 1933, kuma ta ƙofar magani da makaranta ya shigo. An ga sharuɗɗa huɗu da aka gindaya wa mai bi, da yadda kowanne ya taɓa wani ginshiƙi na zaman Maguzawa: tsafin gida, da gayya, da yawan iyali, da lokacin aiki. An kuma nuna cewa ƙarancin gona a ƙasar Bici da kewayenta ya sa saɓa wa maigida ya zama kasada ga abincin mutum. Bayan mulkin kai nauyin ya tashi daga rigimar ɗa da uba ya koma ɗawainiyar riƙe ikilisiya da zama tsiraru a cikin jama'a. Babi na huɗu zai duba yadda waɗannan sauye-sauye suka shafi al'adun aure da haihuwa da mutuwa a gidajen Kiristocin Hausawa na wannan yanki.